Ƙarfen da Na Buga a Hanyar Tuboro

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta ba. A tasha a tare ni, a majami'a bayan sujada a tare ni, kowa so yake ya ji yadda na tafi da goshi lafiya na dawo da ɗinki. Kuma kowa yana ƙara nasa gishirin, jiya ma na ji wai sojoji ne suka harbe ni. To ga shi na rubuta, wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa. Ni ba ɗan boko ba ne, firamare ban gama ba, faci nake yi a Jimeta. Wanda ya ga kuskure ya gyara da kansa.

Mahaifiyata Saratu ta kwanta ciwo tun damina. Asibiti suka ce mu kai ta gida mu riƙa lallaɓawa, kowa kuwa ya san ma'anar wannan. Daga baya ta daina cin abinci. Matata Rifkatu ta dama kunu, Mama ta kawar da kai. Wata rana ta ce in zauna kusa da ita.

"Bitrus, ina da ƙane."

Na ce, "Mama, zazzaɓi ne."

"Ba zazzaɓi ba ne. Rufe baki ka ji."

Na san a Kamaru aka haife ta, na san ubanta Dawuda mai bishara ne, shi ya ƙetaro da ita tana yarinya. Ƙane ne ban taɓa ji ba. Ta ce ranar da za su gudu, ubanta ya ce ta ɗauki ƙwarya kamar mai zuwa rafi, kada ta gaya wa kowa. Ƙanenta Yusufu, ɗan ƙarami, ya riƙe mata zane yana cewa ƙishi yake ji. Ta zaunar da shi a bakin ƙofa ta ce ya jira, yanzu za ta ɗebo masa ruwa. Tafiyar ke nan. Har ubanta ya mutu bai yarda a ambaci yaron ba.

"Ban ce ka kawo shi ba," in ji ta. "Ina so in sani ko ya rayu. In ya mutu, a gaya mini yana yaro ne ko ya girma. In ban sani ba, abincin nan ba zai wuce ba."

Sunan ƙauyen ya ɓace mata. Abin da ta riƙe shi ne auduga, da tsamiya a gaban majami'a, da ƙarfen da aka rataye a jikinta wanda ubanta ke bugawa don kiran sujada. Bugun nan kam na san shi tun ina yaro, don da shi take kiran mu cin abinci, da ludayi a jikin kwano: biyu a hankali, uku da sauri, shiru, a sake. Na sa ta rera wata waƙar majami'a da yarensu, na ɗauka a waya. Da wannan na tafi neman mutum a ƙasar da ban taɓa takawa ba.

Hanyar ba ta da abin yabo. Mota ta kai mu inda take iya kaiwa, daga nan babur. Ɗan acaɓan ya ɗora ni, ya ɗora buhun omo a cinyata, ya ce in na faɗi kada in saki buhun. A kan iyaka namu ba su tsayar da ni ba. Na can ne suka zaunar da ni a benci. Wani jandarma mai jin Hausa ya juya takardata.

"Misye, wurin wa za ka?"

"Wurin kawuna, ranka ya daɗe."

"Wane gari?"

"Ban sani ba."

"Yana raye?"

"Shi zan je in gani."

Ya ajiye biro ya dube ni. Ya kira ɗan'uwansa suka yi Faransanci, ɗayan yana ta kallon takalmina. Da na ji bakina yana neman ja mini, sai na ba su lambar Alhaji Sani, dillalin taya a Garwa, wanda muke ciniki ta waya ba mu taɓa ganin juna ba. Ya yi musu magana, suka sake ni. Jandarman ya ce, "Shawara kyauta. A ƙauye kada ka ba da amsa irin wannan."

Garwa gari ne mai zafi, ya fi Jimeta, wanda ya musa ya je. Alhaji Sani ya sauke ni a ɗakin baƙinsa na bayan shago. Kakansa daga Kano ya zo fatauci ya zauna, su kuma har yau Hausa a gida, Fillanci a kasuwa, Faransanci in an zo karɓar haraji. Da ya ji abin da ya kawo ni ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Wato Malam Bitrus, ka sauka gidan Alhaji don ka nemi limamin coci. To Allah ya ba mu ladan."

Abincinsu na ci ba laifi. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ya yanke mini dadashi ranar farko. Suna soya ƙwai da taliya a ciki su cusa a burodin, na ɗauka wasa ne, ashe karin kumallo ne. Kifin Binuwai kuwa gasasshe, ruwa ɗaya ne da namu amma sun fi mu iya gashi, wannan na yarda. Abin da ya dame ni gaisuwa: in ka shiga wuri sai ka bi kowa da hannu ɗaya bayan ɗaya, in ka tsallake mutum ka yi laifi. Na tsallake wani tsoho a shagon, ashe surukin Alhaji ne.

Washegari na je ofishin ikilisiyar da muke ɗarika ɗaya da su. Na iske an rufe don hutun rana, na zauna a inuwa har aka buɗe. Sakataren ya saurare ni ta bakin maigadi, sannan ya ce Dawuda a wurinsu Dabid ne, kuma Dabid sun fi a ƙirga. Littattafan da ke hannunsu daga bayan rabuwa suka fara. Na ce wace rabuwa? Ya ce in je wurin Baba Fasto Iliya, shi ya ga abin da idonsa.

Baba Fasto ya yi ritaya, ido ya tafi, amma kai garau. Hausarsa irin ta Littafi ce, don a ɓangarenmu na Najeriya ya yi makarantar Littafi yana saurayi. Shi ya warware mini tarihin. Ya ce turawan mishan da suka zo ba sa zama a ƙauye, sai su koyar da mutum ɗaya karatu da waƙa, su ba shi wilin babbar mota ya rataye, shi ke nan ya zama mai bishara. Ƙararrawa ta gaske sai a babbar tashar mishan. Da turawa suka fara sakin ragama, rigima ta tashi a kan wa zai riƙe gine-gine, da wane yare za a yi sujada, da ko mai bi zai zauna a makokin da ake shan bilbil, wato burkutunsu. Ikilisiya ta tsage biyu. Littattafai ma aka raba, wasu gara ta cinye.

"Kuma ɗana," in ji shi, "ko ka sami littafin, wanda aka sa a horo ana soke sunansa. Mai bisharar da ya gudu da 'ya ya bar ɗa, ba lafiya ya tafi ba."

Na kunna masa waƙar Mama. Ya karkata kai, ya sa na maimaita. Ya ce yaren na mutanen wajen Tuboro ne, kuma wannan muryar ba kowa ke rera ta haka ba, sai ƙauyukan da tasha ɗaya ta kafa. Ya faɗa mini sunayensu, ba su da yawa. Sannan ya kama hannuna.

"Ka nemi katekis, mai kula da majami'ar ƙauye, tukuna a duk inda ka shiga. Kada ka yi komai kafin ka gan shi."

Alhaji ya fi shi tsanantawa. Ya ce yankin nan masu garkuwa da mutane sun dame shi, a can zargina suke ce musu, kuma baƙo mai Hausar Najeriya shi ne farkon wanda ake zargi.

"Ka kira gida ka ce ba ka samu ba. Wa zai ƙaryata ka?"

Na kira gida. Rifkatu ta ce yau ko ruwa da cokali aka ba Mama. Na shiga motar Tuboro.

Tafiya ce mai nisa, shinge bayan shinge, kowanne a sauka a nuna takarda. Fasinjoji suna hira da dariya har muka wuce wani daji, nan kowa ya yi tsit, direba ya kashe rediyo. Ba wanda ya gaya mini dalili, ban kuma tambaya ba. Na sauka a wata mararraba na ɗauki ɗan acaɓa. Sunayen ƙauyukan ba zan rubuta ba, su suka roƙa. A na farko katekis ya karɓe ni, ya tara tsofaffi, ba wanda ya san Dawudan da ya gudu. A na gaba majami'u biyu ne suna kallon juna, na fara shiga ta dama, sai na hagu suka ƙi amsa gaisuwata. Rabuwar da aka yi kafin a haife ni, ni ta hana ruwan sha.

Da rana tsaka muka isa wani ƙauye. Daga nesa na hango tsamiya, da wili a rataye, ya yi tsatsa. Ba kowa a harabar sai wata mata tana shanya kuɓewa. Na tambayi katekis, ta nuna gona. Na yi Hausa ba ta ji, na yi guntun Fillancina ta girgiza kai. Na ce Dawuda, na ce Dabid, na nuna wilin. Ta tsaya kallona.

Na tuna maganar Baba Fasto, ba mantawa na yi ba. Amma na gaji, kuma ga ƙarfen a gabana. Na ce bari in buga mata bugun kakana, wataƙila ta gane. Na ɗauki guntun ƙarfen da ke gindin bishiyar. Matar ta ɗaga hannu biyu, ni na ɗauka mamaki ne. Na buga biyu a hankali, uku da sauri. Na dakata, na sake.

Ta watsar da kuɓewa ta arce. Nan take ƙauyen ya rikice. Mata suna fitowa da yara a baya da gaba suna nufar daji, awaki suna bin su. Na juya in tambayi ɗan acaɓana, sai ƙurarsa na gani. Daga gonaki maza suka ɓullo da kwari da baka, da adduna, da bindigogin toka. Ina nan tsaye da ƙarfe a hannu kamar gunki.

Ban ga wanda ya buge ni ba. Na dai ji goshina ya yi zafi, na tsinci kaina a ƙasa, jini yana shiga ido. Suka ɗaure mini hannu ta baya. Wani dogo mai layu a damtse, shi ne shugaban 'yan bangarsu, ya zaro wayata yana duba lambobi.

"Najeriya," ya ce wa sauran. Sannan ya tsuguna a gabana da Hausa. "Su nawa ne? Ta ina za su shigo?"

"Ni kaɗai ne. Kawuna nake nema."

"Sunansa?"

"Yusufu ɗan Dawuda."

Ya tambayi jama'a. Ba wanda ya san shi.

Katekis ya iso da fartanya a kafaɗa yana haki. Shi ya gaya mini abin da na yi. Tun da zargina suka addabe su, Kirista da Musulmi na ƙauyen suka yi yarjejeniya: ba a ƙara buga ƙarfen nan ko ran Lahadi, sujada da baki ake kira. In ya yi ƙara, to an shigo. Kuma an taɓa yi wa wani ƙauye dabara, aka tara mazan a wuri guda aka kwashe mutane ta baya. Ya ce zai roƙa a kai ni wurin sojoji. Dogon ya ce sojoji suna da nisa. Yadda ya faɗe ta a hankali ne ya sa na gane ba su da niyyar kai ni ko'ina. Na tuna Mama tana jira, na ce shi ke nan, yanzu mutum biyu za ta jira.

Sai wani tsoho ya ratso taron yana dogara sanda, da hula da carbi, buta a hannu. Suna ce masa Baba Hamadu. Bai dubi kowa ba.

"Wa ya buga?"

Aka nuna ni.

"Ku kwance masa hannu ɗaya."

Dogon ya yi gardama, tsohon ya maimaita. Ya ajiye butarsa a gabana, ya miƙo mini tsinke mai kauri. "Buga a nan. Yadda ka yi ɗazu."

Na buga. Ya ce in sake. Na sake.

"Wa ya koya maka?"

"Uwata. Da shi take kiran mu cin abinci."

"Sunanta?"

"Saratu."

Sannan ya ɗauki butarsa ya ce wa dogon, "Ku sake shi. Ɗan yayata ne. Wawa ne, amma namu ne."

Ba a nan ta ƙare ba. Wata mai ciki ta faɗi wajen gudu, Allah ya sa ba abin da ya same ta, amma mijinta sai da aka riƙe shi. Aka zaunar da ni a gaban mai gari, na ba da haƙuri gida gida da tsumma a goshi, tsohon ya ba da akuya. Ma'aikacin ɗakin shan magani ya yi mini ɗinkin da kuke gani, ba allurar kashe zafi.

A gidansa Kawu bai rungume ni ba, bai tambayi lafiyar kowa ba. Aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa, ya ce in ci. Ya yi sallarsa ya dawo. Da Hausar kasuwar shanu ya ba ni labarin, a gajarce. Uwarsu ta mutu, danginta suka yi makoki irin na gargajiya da bilbil, Dawuda ya zauna a ciki don matarsa ce. Lokacin rigima tana da zafi, aka same shi da wannan, aka mayar da shi bencin baya, aka karɓe ƙarfen aka ba wani. Ya kasa zama. Dangin uwa suka ce ɗa namiji ba ya barin ƙasar, shi ya sa ya saci hanya da mace kaɗai. Kawun da ya riƙe Yusufu ya musulunta, ya sa masa Hamadu. Waɗanda suka san tsohon sunan duk sun mutu.

"Ka yi ta bin coci coci kana nemana," in ji shi. "Da ka shekara ba ka same ni ba."

Na ce, "Kawu, tana raye, amma ba ta ci. So take ta ji muryarka."

"Na zauna a bakin ƙofar nan har rana ta faɗi. Washegari ma na zauna. Ba ni da abin gaya mata."

"Yarinya ce lokacin."

"Ni kuma babba ne?"

Can na ce, "To ka zaɓa mini. In koma in ce ka mutu kana yaro, ko in ce na same ka ka ƙi. Duk wadda ka ce ita zan faɗa."

Ya tashi ya shige ɗaki.

Da safe ya buga mini ƙafa da sandarsa. Ya ce waya ba ta kamawa sai a kan tudu bayan rumfar auduga. Muka hau yana hutawa. Na kira Rifkatu na ce ta kara wa Mama a kunne, na buɗe murya don mu ji tare.

"Mama, na same shi. Ya girma, har ya fi ni furfura. Ga shi."

Ya riƙe wayar nesa da fuska kamar za ta cije shi. Ba abin da ake ji sai numfashinta. Ya gyara murya.

"Adda," ya ce, wato yaya da Fillanci.

"Yusufu?"

"Ina ruwan?"

Na ji wani sauti daga can, ban san kuka ne ko dariya ba. Rifkatu ta ce duka biyun ne. Da ƙyar Mama ta ce, "Rafin ne ya yi nisa."

Kawu ya juya mini baya. Suka yi magana, rabi Fillanci, rabi yaren da na ɗauka ta manta. Daga baya ya miƙo mini wayar, ya ce da ni take.

"Bitrus, akwai rafi a wurin?"

"Akwai, Mama."

"Nemi ƙwarya ka ɗebo masa. Kada ka aiki kowa."

Ga rijiyar burtsatse a tsakiyar gari, amma rafi ta ce. Na ari ƙwarya wurin matar Kawu, na gangara, matan da na kora daji jiya suna kallona suna dariya, ƙato da ɗinki a goshi da ƙwarya a hannu. Rafin ya ja baya, sai da na tona yashi na jira ruwan ya kwanta. Na kawo ina tafiya a hankali kada ya zube. Na iske shi zaune a bakin ƙofa. Na durƙusa na ba shi. Ya yi bismilla ya sha, ya sha, ya miƙo mini ƙwaryar.

"Gaya mata ya iso."

Na sake hawa tudun na gaya mata. Rifkatu ta ce da aka kashe wayar Mama ta tambaya ko akwai sauran kunu.

Dawowa ba labari. Alhaji Sani ya ga goshina ya ce aƙalla na kawo tsaraba. Mama tana nan, ba ta warke ba, likita bai canza maganarsa ba, amma tana ci kaɗan kaɗan. Ran Juma'a bayan masallaci Kawu yakan hau tudu, ita kuma tun safe take sa a ajiye mata wayar kusa da matashi. Wanda ya ce sojoji ne suka harbe ni ya daina. Sanda ce, kuma ni na ja.